Jinin Nu'uman a Gidan Wanzamai

Shekara biyu Mudassir ya kwashe yana sintiri tsakanin Dagumawa da Sabon Garin Wudil kafin mahaifinsa ya buɗe baki ya ce ya yarda. Abin tausayi, ranar da yardar ta iso ba guɗa aka yi a gidan su Sharifa ba, kuka ta sha har idanunta suka kumbura.

Da la'asar ya zo. Tun kafin ta gan shi ta san da magana, domin Mudassir in yana cikin farin ciki tun daga bakin layi yake danna hon, sai duk unguwa ta san ya iso. Yau kuwa lallaɓowa ya yi ya kashe mashin, ya yi sallama a zaure ƙasa-ƙasa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Ta yafa mayafi ta kai masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi Inna, ya tambayi jikin Nu'uman, ya tambayi zafi, ya dawo ya sake tambayar Inna.

"Yaya, Inna dai lafiyarta ƙalau tun tambayar farko," in ji Sharifa. "Faɗa mini abin da ke bakinka."

Ya juya kofin a hannunsa, bai sha ba.

"Baba ya yarda."

Ta zauna a gefen tabarma. Wannan kalmar ta daɗe tana roƙon Allah ya jiyar da ita.

Sharifa bazawara ce. Mijinta na fari ya rasu a haɗarin mota, ya bar ta da yaro yana koyon tafiya. Yaron, Nu'uman, yana shekara huɗu ya yi wani zazzaɓi, ya warke, sai ga ɗigo-ɗigon ja sun feso masa a ƙafafu kamar an barbaɗa barkono. Ko ƙyaure ya goga sai wurin ya yi baƙi. In ya yi haɓo, tsumma ya jiƙe a canza wani. Aka ce sikila ce, aka ce sammu ne, aka ce mayu. A babban asibiti a Kano likita ta zaunar da ita ta ce ba ko ɗaya. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi a cikin jini, su ke toshe rauni har jini ya tsaya, to jikin Nu'uman da kansa yake cinye nasa. Yawancin yara sukan warke cikin watanni, nasa ya samu wuri ya zauna.

Daga nan rayuwarta ta koma awon jini duk wata, da maganin da ke kumbura masa kumatu, da hana ƙwallo, da hana hawa bishiya. Ko maganin ciwon kai ba ta ba shi sai wanda likita ta amince. Ciwon nan har kunyar ɗan fari ya cire mata. Matan unguwa suna jin ta tana kiran sunansa gatsau, sun yi gulmar har sun gaji sun bari.

Shi kuwa Mudassir mai gyaran injin ban-ruwa ne a bakin kogi. Ranar da wani haɓo ya kusa tafiya da yaron, aka rasa mai ba da jini, shi da ya rako abokinsa asibiti ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa. Daga nan komai ya faro. Tana sonsa son da ba ta yi zaton za ta ƙara yi wa wani namiji ba. Amma mahaifinsa, Malam Wali, wanzami ɗan wanzami, ya kafe a kan ɗansa saurayi ba zai fara aure da mai jinyar yaro ba.

"To me ya sa fuskarka haka?" ta tambaye shi. "Ko yardar da sharaɗi ta zo?"

"Da sharaɗi ne da da sauƙi, Sharifa. Kyauta ce."

"Wace irin kyauta?"

"Ya ce tunda zai karɓe ki, da ɗanki zai karɓe ki. Ya ce ba wanda zai kira Nu'uman agola a gidansa. In sanyi ya shigo za a yi wa jikokinsa kaciya, ya ce Nu'uman ne zai fara zama a gabansa, kafin jikokinsa na jini. Da hannunsa zai yi masa."

Wanda bai san gidan wanzamai ba sai ya ce wannan me ye. A gidan su Malam Wali babu karramawar da ta kai ta. Yaron da tsohon ya fara da shi ya zama ɗan gida ke nan har abada, ba mai ɗaga masa yatsa. Sharifa ta san haka, shi ya sa maganar ta fi yi mata ciwo.

"Me ka ce masa?"

Mudassir ya sunkuyar da kai.

"Yaya, me ka ce masa?"

"Na ce na gode."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Kai fa ka gani da idonka. Ba labari aka ba ka ba. Kana tsaye likita ta ce kada ko allura a yi masa sai da saninta. Ta ce kaciyarsa sai a asibiti, sai an ɗaga ƙwayoyin jinin tukuna, an tanadi komai. Jininka ne a jikin yaron nan, Yaya. Ka ba shi ne don a zubar da shi a tsakar gidanku?"

"Ki daina faɗin haka, don Allah."

"To me zan faɗa?"

"A gaban ƙannensa da yayyena ya yi maganar. Yana murmushi, Sharifa. Ban taɓa ganin Baba ya yi mini murmushi a kan zancenki ba. In buɗe baki in ce masa askar da ya ci da mu da ita, ya tufatar da mu da ita, ita ce za ta kashe yaro? Harshena ya ƙi."

"Naka ya ƙi, sai nawa ke nan."

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ta tausaya masa, ta kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya. Mudassir zai iya shiga kogi ya ciro inji, amma a gaban mahaifinsa ko ƙuda ba ya iya korewa.

Da ya tafi ta shiga gida ta tarar Inna Safara'u, mahaifiyarta, tana tsince shinkafa. Inna ba ta laɓe, ita dai kullum in ana zance a zaure sai aikinta ya kawo ta kusa da ƙofa.

"Na ji," in ji Inna. "Kuma ki buɗe kunne ki ji nawa. Mutumin nan ya sauko, kada ki sa ya koma sama."

"Inna, jinin yaron nan ba ya tsayawa."

"Ubanki wanzami ne ya yi masa. Yayyenki duk haka. Malam Wali kuwa har daga ƙetaren kogi ake zuwa ɗaukarsa, ba a taɓa cewa yaro ya lalace a hannunsa ba."

"Bai taɓa haɗuwa da irin wannan ba ne."

"To ki zauna. Isyaku ya sake aikowa jiya, kin sani. Ya ce ɗan yayansa ya shekara bakwai babu kaciya, abin kunya ne ga zuri'arsu. Ya ce ko ki aure shi yaro ya tashi a gidan ubansa, ko ya zo ya ɗauki abinsu. Ni na tsufa, ba zan iya ja da dangin uba ba. Ga wanda kike so an ba ki a hannu, ki tsaya kina kawo zancen likita."

Isyaku ƙanin marigayi ne. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa yarda yaron yana da wani ciwo ba, cewa yake shagwaɓa ce irin ta ɗan mace. Ranar da Nu'uman ya kwana a hannunsa, Sharifa ta san washegari wanzami zai kira.

Ta leƙa ɗaki. Yaron na kwance rub da ciki yana zana mota a bayan kwali, ƙafafunsa duk tabo. Ya ɗago ya yi mata murmushi da kumatunsa na magani.

A nan ta yanke shawarar abin da mace mai kunya ba ta yi. Za ta je ta sami uban saurayinta da kanta.

Ranar Alhamis da hantsi suka isa Dagumawa, ita da Inna da Nu'uman, da sunan sun zo godiya. Mudassir ya tarye su a ƙofar gida, ya kasa haɗa ido da ita.

Malam Wali na zaune a zaure a kan buzu, zabirarsa ta kayan aski a rataye a bango. Dogo ne siriri, farcensa tas, muryarsa a kwance. Sharifa ta zo da shirin ganin mutum mai zafi, sai ta tarar da dattijon da ya miƙa hannu biyu ya jawo ɗanta ya zaunar a cinyarsa.

"Wannan ne mai gidan nawa? Kai, ashe ƙato ne. Ka zo ƙwace mini gida ko?"

Nu'uman ya yi dariya ya ɓoye fuska.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, Inna ta yi godiya mai tsawo. Da ta numfasa, Sharifa ta matso a durƙushe, kanta a ƙasa.

"Baba, ina neman afuwa. Magana ce da ni, ba ta kamace ni ba, amma ba ni da wanda zai faɗa mini ita."

Inna ta zungure ta. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Bar ta. Faɗi, 'yata."

Ta janye ƙafar wandon yaron ta nuna masa. Ta faɗi zancen ƙwayoyin jini yadda likita ta faɗa mata, ta faɗi haɓon da ya kusa kashe shi. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Malam Wali ya shafa tabon da babban yatsansa, a hankali, irin shafar wanda ya san fata.

"Wannan ai mataccen jini ne. Ƙaho biyu zai zuƙe shi, yaro ya miƙe."

"Baba, ko tsaga ɗaya aka yi masa ba zai tsaya ba."

"Ina da garin da nake sawa. Tun kakana muke da shi. Jinin da ya fi wannan ya tsayar."

"Don girman Allah, Baba. Na san hannunka, duk ƙasar nan an san shi. Ba hannunka nake tsoro ba, jikin yaron nake tsoro. Kada aska ta taɓa shi."

Mudassir na rakuɓe a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Tun ban yi gemu ba nake wannan aiki," in ji tsohon. "Yau ga yarinya ta zo har zaurena ta ce in ajiye aska. Na ɗauko abin da ya fi komai daraja a wurina na ba ki, kin ce in mayar." Ya dubi yaron da ke wasa da carbinsa. "To. Ban ce na yarda ba, amma na ji. Askata ba za ta taɓa shi ba sai mun sake zama. Ku shiga ciki ku gaisa da mutan gida. Ku bar mini mai gidana mu yi hira."

Sharifa ta dubi Mudassir, ya gyaɗa mata kai alamar yana nan. Mutum ya ba ta alkawari a gaban uwarta, ta ce kuma ba za ta bar masa yaro ba? Ta tashi ta bi Inna, zuciyarta ta ɗan yi sauƙi. Har ta fara tunanin wataƙila Allah ya kawo mafita.

A cikin gida matan suka karɓe su da fara'a, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ɗanwake. Yayar Mudassir, Radiyya, tana ta tsokanarta da amaryarmu. Sharifa ta kai loma ta farko ke nan ta hango Mudassir ya shigo da kwanon sha a hannu.

"Ina Nu'uman?"

"Yana wurin Baba. Fura ya ce in karɓo masa."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

A zaure ta tarar da tsohon ya tallafe haɓar yaron, yana danna masa wani gari a baki. Jini na bin yatsunsa yana sauka ta gwiwar hannu. A kan buzu ga ɗan ƙaramin haƙori.

Nu'uman yana famfara. Haƙorin gaban nan ya kwana biyu yana girgiɗa, likita ta ce a bar shi ya faɗi da kansa, in ya kusa a gaya mata. Sharifa ta yi zancen aska, ta yi zancen ƙaho, haƙori bai zo mata a rai ba. Shi kuma Malam Wali bai karya alkawari ba. A wurinsa cire haƙorin yaro ba aiki ba ne, wasa ne na kaka da jika, yatsa biyu ya sa ya fizge kamar yadda ya yi wa duk yaran gidan.

"Yanzu zai tsaya," in ji shi. "Ɗan haƙori ne. Yanzu zai tsaya."

Ya ƙara gari. Jinin ya wanke shi ya fito. Ya sake ƙarawa, hannunsa ya fara rawa.

Sharifa ta zube a gabansa ta janye ɗanta. Ta zaro auduga daga jakarta, wadda ba ta fita sai da ita, ta naɗe ta danna a gurbin, ta sunkuyar da kan yaron gaba don kada ya haɗiye.

"Cije, Nu'uman. Cije da ƙarfi, kada ka saki. Yaya, mota."

Mudassir ya saki kwanon ya fita da gudu.

Tafiyar nan Sharifa ba za ta manta da ita ba. Gobe kasuwa, manyan motocin shanu sun cushe bakin gada, direba na ta kutsawa yana roƙon hanya. Auduga ta jiƙe ta canza, ta jiƙe ta canza, har ta ƙare ta koma gefen mayafinta. Ta kira likita a waya, likita ta ce su wuto kai tsaye, za a jira su a ƙofa. Yaron bai yi kuka ba, idonsa kawai yake bin ta da shi, leɓensa na yin fari.

"Kada ka yi barci. Kalle ni. Gaya mini motocin da muke wucewa, da hannu."

Mudassir na gaba ya juyo yana riƙe da ƙafar yaron, bakinsa na motsi da addu'a.

A asibiti ma'aikatan sun san Nu'uman, suka karɓe shi da gudu. Aka ɗaura masa ruwa da magani, aka ɗebi jini aka auna, likita ta ce ƙwayoyin sun yi ƙasa ƙwarai, ga shi ya zubar da yawa. Mudassir ya sake naɗe hannun riga. Sai bayan la'asar jinin ya tsaya, yaron ya samu barci.

"Ya tsallake," in ji likita. "Za mu riƙe shi kwana biyu mu gani. Ki je ki sha iska, Maman Nu'uman, kin kusa faɗuwa."

Ta fito tana jan ƙafa. A gindin wata darbejiya ta hango Inna zaune ta yi tagumi, gefe kuma Malam Wali. Ashe motar haya suka biyo. Bai ko canza riga ba, jinin ya bushe a gabanta ya yi baƙi. Mudassir na durƙushe kusa da shi, da auduga a lanƙwasar hannu.

Tsohon ya ga tahowarta ya yunƙura zai tashi, ta riga shi durƙusawa.

"Ya tsaya, Baba. Yana barci."

"Alhamdu lillahi." Ya faɗa ya sake faɗa, hawaye na bin gemunsa. "'Yata, ki yafe mini. Kin faɗa mini gaskiya na ɗauke ta raini. Da na sa wa yaron nan aska, da yanzu gawa muke wanka."

"Na yafe, Baba. Ba da nufi ka yi ba."

Da gaske ta yafe. Har wani sanyi ta ji a ranta. Abin da bakinta ya kasa fahimtar da shi, ga shi ya gani da idonsa, ba sauran gardama. Ta saci kallon Mudassir, shi ma fuskarsa ta ɗan saki.

"Na yarda da ke yanzu," in ji Malam Wali. "Shi ya sa zan roƙe ki abu ɗaya. Ki haƙura da Mudassir."

Ta ɗauka kunnenta ne.

"Baba..." in ji Mudassir.

"Yi shiru in gama. Gidana gidan aska ne. Duk jaririn da aka haifa a cikinsa ni nake cire masa belu, ni nake masa askin suna, ni nake masa kaciya. In ta haifa maka ɗa aka miƙo mini shi, da wane hannu zan karɓa? Dubi." Ya miƙa hannayensa, har yanzu rawa suke. "Yau na ga jinin da ya fi ƙarfina. Ba zan iya kwana ina jiran irinsa a cikin jikokina ba."

Mudassir ya ɗago. "Baba, likita ta ce ba gado ba ne. Wallahi ta faɗa, ina wurin. Ba a haihuwar yaro da shi, zuwa yake daga baya. Mu shiga ka ji daga bakinta."

"Ba ita za ta riƙe askar ba."

"To a bar askar. 'Ya'yana a kai su asibiti."

Tsohon ya dube shi, duban da ya sa Mudassir ya sunkuya.

"A ce jikan Wali an kai shi wani ya yi masa, saboda kakansa na tsoro? Ka bari in mutu tukuna. Ba zan daɗe ba."

"Malam, a duba dai," in ji Inna. "Yaran nan suna son juna."

"Na sani, Hajiya. Da ƙinta nake da abin bai dame ni ba. Yarinyar kirki ce, ta fi ni gaskiya. Kuma gidana jikoki ne ko'ina, ana dambe ana kokawa, ga kayan aiki a kowane lungu. Ni da na san jini ban wuce awa guda da yaron nan ba na kusa kashe shi. Ina ga waɗanda ba su sani ba?" Ya juya ga ɗansa. "Ban taɓa roƙonka komai ba. In ina da hakki a kanka, ka bar maganar nan."

Sharifa ta zuba wa Mudassir ido. Kalma ɗaya take jira, ko wace iri ce. Ya buɗe baki, ya dubi rigar mahaifinsa, ya dubi hannayen nan masu rawa, sai ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Ta jira. Kukan kawai yake.

Ba ta ji haushinsa ba a wannan karon, abin ya wuce haushi. Ta ga dai mutumin da ya ba ɗanta jininsa har sau biyu, wanda zai ba da na uku in an nema, amma ba zai iya ce wa ubansa a'a ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "tashi ka kai Baba gida. Yamma ta yi, kuma bai ci komai ba."

"Sharifa, ki ba ni lokaci. Don Allah ki ba ni lokaci."

"Ka sha wani abu mai zaƙi kafin ku hau mota. An ɗebi jininka."

Ta miƙe ta juya. Inna na kiranta, ba ta waiwaya ba. A bakin ɗakin ta tsaya ta goge fuskarta da gefen mayafin da bai ɓaci ba, ta jira har numfashinta ya daidaita, sannan ta shiga.

Nu'uman ya farka. Ya yi fayau a kan gadon, robar ruwa a hannu, bakinsa a kumbure. Ta zauna ta riƙe yatsunsa.

"Sannu, Nu'uman. Kada ka yi magana da yawa."

"Umma, kada ki yi wa Baba tsoho faɗa." Maganar na fita da ƙyar ta gefen auduga. "Ya tambaye ni. Ni na ce ya cire."

"Kai da na hana ka ko taɓa shi da harshe?"

"Ya ce gidansa gidan jarumai ne, matsoraci ba ya zama a ciki. Sai na buɗe bakin." Ya numfasa, idonsa na ƙyalli. "Ban yi kuka ba, Umma. Ko a mota ban yi ba. Kin gani ai."

"Na gani."

"To yanzu zai bar Kawu Mudassir ya aure mu ko?"

Ta gyara masa zanin rufa, ta kwantar da kanta a gefen katifar yadda ba zai ga fuskarta ba.

Yaron ya ɗora hannunsa mai robar ruwa a kanta, yana jiran amsa.